Zan sayar da adaidaitata in sayi na'urar neman gwal, wace lamba ce ta gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga unguwar Kurna a nan Kano, ina da mata da 'ya'ya biyu. Sana'ata tuƙin adaidaita sahu, kuma Alhamdu lillahi bara na gama biyan kuɗinta, ta zama tawa. Wani abokina da muka taso tare ya daɗe yana zuwa haƙar gwal a Nijar, har ya yi gida. Yanzu ya ce in sayi na'ura in bi shi. Na zaga wurin masu sayarwa uku, sai suka ruɗa ni. Na farko ya nuna mini wata da aka rubuta 6.5 kHz a kwalinta, ya ce ƙaramar lamba ta fi shiga ƙasa. Na biyu ya ce waccan ta yara ce, tasa 45 kHz ce, babbar lamba ita ce ƙarfi. Na uku ya fito da wata mai eriya biyu, ya ce tana jiyo gwal daga nisan kilomita guda, a zurfin mita 20. Ba zan iya sayen mai kyau ba sai na sayar da adaidaitar, Hajiyata kuma ta ce za ta ba ni gwal ɗinta in cika. Maiɗakina ba ta so, har mun fara samun saɓani. Don Allah wace lamba ce ta gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya raya zuri'a, Ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Kada ka sayar da adaidaitar nan yanzu, kuma kada ka karɓi gwal ɗin Hajiya. Neman gwal da na'ura sana'a ce ta gaske, mutane sun samu, abokinka ma shaida ne. Abin da ya sa na ce ka dakata shi ne akwai tambayar da ya kamata ta riga ta lamba zuwa, kuma ba ka da amsarta tukuna: a wurin da za ku je, gwal ɗin wane iri ne, ƙasar kuma wace iri ce? Lambar da ke jikin kwali ba ta auna ƙarfin na'ura, ba ta auna zurfi. Tana nuna irin ƙarfen da kunnen na'urar ya fi ji ne. Mai shago na farko ya ba ka rabin gaskiya, na biyu ya ba ka ɗaya rabin. Na uku kuwa ka dafe aljihunka ka bar wurinsa, zan gaya maka dalili.

Faifan nan da ake kaɗawa a saman ƙasa, a cikinsa akwai naɗin waya biyu. Ɗaya yana shan lantarki daga batir yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, kuma ƙarfin ba tsaye yake wuri ɗaya ba, juyawa yake yi gaba da baya da sauri. In ya gamu da ƙarfe sai ya tayar da ɗan lantarki a jikinsa, ƙarfen shi ma ya mayar da nasa raunannen maganaɗisun. Naɗi na biyu shi ke tsinkayar wannan amsa, na'urar ta mayar maka da ita ƙara a kunne. Firikwensi shi ne sau nawa juyawar take faruwa a cikin sakan ɗaya. Wutar lantarkin gidajenmu a Nijeriya sau 50 take juyawa a sakan. Kilohaz ɗaya, wato kHz ɗin da ke jikin kwali, sau dubu ke nan. To ta mai shago na farko tana juyawa sau 6,500 a sakan, ta na biyu sau 45,000. Iyakar abin da lambar take faɗa ke nan.

Mafi yawan na'urorin da ake riƙewa a hannu 'yan dangin da ake rubuta wa VLF a kwali ne. Asalin iyakar wannan dangi daga kilohaz 3 ne zuwa 30, sai dai waɗanda aka ƙera don gwal kawai suna haura haka. Na ƙasa, daga 3 zuwa wajen 8, na manyan abubuwa ne da ƙarafan da lantarki ke gudu a cikinsu ba tangarɗa, irin azurfa da jan ƙarfe: tsohon kuɗi, tasar tagulla, bututun da aka binne. Garrett ACE 250, ƙirar Amurka, a 6.5 take aiki, kuma don masu neman tsabar kuɗi da zobba a gonaki da filayen wasa aka yi ta. Na tsakiya, daga 10 zuwa 20, su ne 'yan komai da ruwanka. Garrett AT Pro tana kan 15, AT Gold tana kan 18, Gold Bug Pro ta kamfanin Fisher tana kan 19, kuma daga wajen 18 ɗin nan ne aka shiga da'irar masu neman gwal. Sai na can sama: Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab na Ostireliya tana kan 45, Gold Kruzer ta kamfanin Nokta na Turkiyya tana kan 61, Gold Bug 2 da ta fito tun 1995 tana kan 71.

Za ka iya cewa, gwal da duk darajarsa, me ya sa sai an yi masa na'ura ta daban? Tataccen gwal yana gudanar da lantarki sosai, daga azurfa da jan ƙarfe sai shi. Girmansa da siffarsa su ne matsalar. Gwal ɗin cikin ƙasa ba safai yake zuwa a dunƙule ba. Yawancinsa bai wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba, ga kaushi, ga ramuka, ga shi garwaye da azurfa. Lantarkin da aka tayar a jikin ɗan mitsitsin abu irin wannan nan da nan yake mutuwa, don haka na'ura mai juyawa a hankali sai ta wuce ta kansa shiru, mai juyawa da sauri kuwa tana iya sa shi ya amsa. A nan mai shago na biyu yake da gaskiya. Idan ƙananan ƙwayoyin gwal za ka nema, mai 6.5 za ta riƙa tsallake su kana tafe kana taka arzikinka ba ka sani ba.

Amma mai shago na farko shi ma bai yi ƙarya ba da ya ce ƙaramar lamba ta fi ratsa ƙasa. Ka ɗauki firikwensi kamar idon rariya. Mai manyan ido ba ta tare komai sai manya, sauran duk su zube. Mai ƙananan ido tana tare har ɗan ƙanƙanin abu, sai dai tare da shi take tare yashi da tsakuwa. Na'ura mai babbar lamba ba gwal kaɗai take ji ba, tana jin ƙasar kanta. Ƙasarmu ta Arewa kuwa, musamman jan ƙasa da marmara, cike take da sinadarin baƙin ƙarfe. Mu Kanawa bai kamata a ba mu labarin wannan ba, tun da tamar da ke jikin Dutsen Dala ce ta zaunar da maƙera a gindinsa suna narka ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Wuraren da ake samun gwal kuma galibi sun fi ko'ina irin wannan ƙasa, ga baƙin yashi, ga wasu duwatsu da kan sa na'ura ta yi kuka kamar ta ga ƙarfe alhali babu komai. A irin wannan wuri mai 45 ko 71 za ta dame ka da surutu, dole ka rage mata kaifin ji, kana ragewa kuma zurfin yana raguwa.

Saboda haka akwai abin da ya fi lambar muhimmanci, kuma na lura babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da ya ambata maka shi: shin na'urar tana da hanyar daidaita ta da ƙasar wurin? Na'urar gwal ta gaske tana da maɓalli ko tsarin da ke koya mata sautin ƙasar da take kai, ta riƙa watsar da shi, ta bar maka sautin ƙarfe kawai. Wasu da hannu ake murɗawa ana ɗaga faifan ana saukewa, wasu da kansu suke yi kana tafiya. Masu araha da yawa, har da ACE 250, an ɗaure musu wannan daidaito tun daga masana'anta, ba ya canzuwa. A jan ƙasa wannan babban naƙasu ne, ya fi ƙarancin lambar illa.

Yanzu maganar zurfi, wadda ita ce ake yaudarar mutanenmu da ita, abin yana ci mini rai. Na'urar hannu mai kyau, a ƙasa mai sauƙi, tana jin abu mai girman kwabo a zurfin santimita 20 zuwa 30, wato abin da bai wuce ƙafa guda ba. Ƙwayar gwal ƙarama kuwa 'yan santimita kaɗan ne, wani lokaci bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Babban abu irin ganga ko murfin ƙarfe shi ake iya ji a mita ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Dalili shi ne maganaɗisun yana raunana a hanyar zuwa, amsar ma tana raunana a hanyar dawowa, har ta kai in ka ninka nisan ƙaramin abu sau biyu, amsarsa na iya raguwa wajen ninki 64. Ba a gyara wannan da canza lamba. Faɗin faifai da girman abin da ke binne sun fi firikwensi tasiri a kan zurfi: babban faifai yana kai wa ƙasa amma yana tsallake ƙanana, ƙaramin faifai yana kama ƙanana amma ba ya nisa. Ko shahararren dunƙulen gwal ɗin nan da aka tsinta da na'ura a jihar Biktoriya ta Ostireliya a 1980, mai nauyin kilo 27, a zurfin da bai wuce ƙafa guda ba aka same shi.

To ka auna wannan da maganar mai shago na uku, kilomita guda da mita 20. Sandunan eriya masu lilo a hannu suna juyawa ne saboda ɗan karkatar hannun mai riƙe da su, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa a shago, inda kowa ya san inda aka ajiye zoben, eriyar ba ta kuskure. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure wani ɗan kasuwa mai suna James McCormick shekara 10 saboda ya sayar wa ƙasashe, ciki har da Iraƙi, irin wannan na'ura mai eriya da sunan tana gano bam daga nesa, a kan dubban daloli kowace ɗaya, alhali babu wani abu mai aiki a cikinta. An tsaya da ita a shingayen bincike, mutane sun dogara da ita, rayuka sun salwanta. Wadda aka nuna maka 'yar gidan su ce, gwal kawai aka ce tana nema maimakon bam. In ya matsa maka, ka ce wani ya ɓoye zobe a ɗaya daga cikin ramuka goma ba tare da shi ko kai kun gani ba, ya nemo, a maimaita sau da yawa. Za ka ga ya fara kawo uzuri.

Akwai wasu dangi biyu da ya kamata ka sani, ko don kada a sake ruɗa ka da su. Na farko masu firikwensi da yawa lokaci guda. Minelab Equinox 800, da ta fito a 2018, tana iya haɗa su, tana kuma iya tsayawa a kan 5, 10, 15, 20 ko 40 in ka zaɓa mata. XP Deus II ta Faransa tana yawo tsakanin 4 da 45. Amfaninsu shi ne na'ura ɗaya ta yi maka aikin biyu ko uku, kuma kwatanta amsar firikwensi daban-daban yana taimaka mata wajen raba ƙarfe da ƙasa. Na biyu su ne waɗanda ake rubuta wa PI. Su ba juyawa suke ta yi a kai a kai ba. Suna harba ƙarfi ne bugu guda, su yi shiru na ɗan ƙanƙanin lokaci, su saurari abin da ya rage. Amsar ƙasa takan riga ta ƙarfe mutuwa, don haka sun fi jure wa jan ƙasa, sun fi kuma kai wa zurfi a kan gwal mai ɗan girma. GPX 5000 ta kamfanin Minelab da 'yan uwanta a nan suke. Lambar kilohaz a wurinsu ba ta da ma'anar da take da ita a wurin VLF, kada wani ya kwatanta maka su da ita. Tsadarsu ta ninka ta sauran sau da yawa, suna da nauyi, ba su iya bambance ƙusa da gwal sosai, kuma su aka fi yi wa jabu. Tun lokacin da neman gwal da na'ura ya bunƙasa a Sudan wajen 2010 jabun GPX suka cika kasuwannin Afirka, kwali ɗaya, fenti ɗaya, ciki kuwa ba ɗaya ba. Duk wadda aka yi maka tayinta da arahar da ta ba ka mamaki, ka ɗauka jabu ce har sai an tabbatar maka da lambar jikinta daga dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Duk wannan bayanin na'ura ne. Ga abin da nake so ka fi riƙewa. Na'ura ba ta jin garin gwal. Ko da akwai gwal mai yawa a cikin dutse ko yashi, in dai a warwatse yake kamar ƙura, kowace ƙwaya ta yi ƙanƙantar da ba za ta amsa ba, kuma ba sa haɗuwa su amsa tare. Ko mai 71 sai ta wuce shiru. Shi ya sa wuraren gwal suka kasu. A Jado, can arewa maso gabashin Nijar, inda aka gano gwal a 2014, ƙwayoyi ne da dunƙulaye kusa da saman ƙasa, na'ura ta yi rana a wurin, dubban mutane suka kwarara, har gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017. A Cibarakaten kuwa, kusa da iyakar Aljeriya, rijiyoyi ake haƙawa ana bin jijiyar gwal a cikin dutse. Haka yawancin na yankin Anka da Maru da Birnin Gwari da Yawuri yake: a fasa dutse, a niƙa, a wanke. A irin wannan wuri wanda ya zo da na'ura mai tsada bai fi wanda ya zo da guduma ba. Sannan filin da aka shekara goma ana bi da na'urori, na saman an tsince shi. Wanda ya je a farkon zamani ya samu da na'ura kowace iri, wanda ya je yau sai ya fi su kayan aiki ko ya fi su sanin wuri.

Niƙan dutsen nan kuma, tun da na ambace shi, kada ka taɓa kawo shi gida. A 2010 gubar dalma da ke cikin dutsen gwal da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Kana da yara biyu. Ko kayan da ka yi aiki da su kada su shiga ɗaki.

Saboda haka ka zauna da abokinka, ka yi masa tambayoyin da ɗan kasuwa zai yi, ba na mai sha'awa ba. Gidan da ya gina, da na'ura ya samu kuɗinsa, ko da rijiya, ko da saye da sayarwa, ko da kai wa ma'aikata ruwa da abinci? A wace shekara ya samu? Wace na'ura ce a hannun waɗanda suke samu a wurin yanzu, sunanta da lambarta da faɗin faifanta? Ƙwayoyin da ake tsinta, nawa ne nauyinsu, giram ne ko abin da bai kai giram ba? Cikin waɗanda suka tafi tare da shi, nawa ne suka dawo da abin kirki? Idan amsar ita ce ƙananan ƙwayoyi a saman ƙasa mai sauƙi, mai 45 ta dace. Idan manya ne a ƙasa mai ja da zurfi, PI ce maganar, kuɗin adaidaitarka kuma da wuya ya saye ta ta gaske. Idan cikin dutse ne, ba ka buƙatar na'ura ko kaɗan. Mai 6.5 ba ta cikin lissafin a kowane hali.

In ka kai ga saye, gani ya kori ji. Gwajin da ake yi a shago, a wuce da zobe a gaban faifai a cikin iska, ba ya nuna komai, domin zobe babba ne, siffarsa ta da'ira ita na'ura ta fi so, ƙasa kuma ba ta shiga tsakani ba. Abin da zan yarda ka karɓa daga hannun Hajiya shi ne aron ɗan kunne guda mafi ƙanƙanta da siririyar sarƙa, na wuni ɗaya. Siririyar sarƙa tana da wuyar ji, domin na'ura kowace gaɓa take ji ita kaɗai. In za ka iya, ka je wurin 'yan gwal a Kasuwar Rimi ka nemi ɗan gutsuren da bai kai rabin giram ba. Ɗan guntun dalma mai wannan girman ma yana amsawa kusan kamar gwal, masu sana'ar suna gwaji da shi, sai dai ka wanke hannu bayan ka taɓa. Ka ɗaure kowanne a leda da zare don kada ya ɓace, ka binne a zurfi daban-daban, santimita 5, 10, 15, a cikin jan ƙasa ta gaske. In abokinka zai iya samo maka ƙasar wurin da 'yan duwatsunsa ko cikin buhu ne, ya fi. Ka ja mayen ƙarfe a cikinta, irin na tsohuwar sifika; in ya fito da baƙin yashi manne a jikinsa, ka san ƙasar mai wahalar da na'ura ce.

Kada ka yi gwajin a tsakiyar gari. Manyan wayoyin lantarki da taransifoma da janareto suna shiga faifan su sa na'ura ta yi ta ƙara ba dalili, ƙasar cikin birni kuma cike take da ƙusa da murfin kwalba. Ka fita bayan gari inda babu waya a sama. Ka tambaya ko tana da maɓallin ɗan gusar da firikwensi, domin a filin gwal na'urori biyu masu lamba ɗaya in suka kusanci juna sai su riƙa shiga wa juna, wannan maɓallin ke raba su. Ka kuma san cewa babu na'urar da za ta rantse maka cewa abin da ta ji gwal ne. Takardar alminiyam ta kwalin sigari, da guntun dalma, da ƙwayar gwal, duk wuri ɗaya suke faɗowa a ma'auninta. Masu neman gwal na gaske kusan duk ƙarar da suka ji sai sun tona, kuma mafi yawan abin da suke tonowa shara ce. Mai shagon da ya ƙi yarda a fita da na'urarsa gwaji, ko da ka biya kuɗin mota ka bar jingina, ya ba ka amsa.

Doka ma tana nan. Tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adanan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, Dokar Ma'adanai ta 2007 kuma ta ce sai da izini ake nema ko haƙa, daga ofishin rajistar filayen ma'adanai da ke Abuja. Akwai lasisin ƙananan masu haƙa, wanda ƙungiyar haɗin gwiwa ma za ta iya nema. Zamfara an hana haƙa gaba ɗaya a 2019, sai a Disamban 2024 aka ɗage, matsalar tsaron yankin kuma ba ɓoyayya ba ce. Nijar tana da nata dokokin, baƙon da ba shi da takarda kuwa na'urarsa ce abu na farko da zai iya rasawa. A arewacin Cadi, a filin gwal na Kuri Bugudi, faɗan da ya ɓarke tsakanin masu haƙa a 2022 ya ci rayuka kusan 100. In kuma wani ya ce maka ku zaga gindin ganuwa ko Dala da dare ku nemi tsohuwar dukiya, ka ƙi; wuraren tarihi ne da doka ta kare, tona su laifi ne.

Maiɗakinka, ƙanena, ba adawa take yi da arzikinka ba. Ita take ganin kuɗin cefane yana shigowa kullum daga adaidaitar nan, ita kuma za a bari da yara in ka tafi. Ka zaunar da ita ka karanta mata wannan amsa, ka gaya mata ka ji maganarta. Hajiya kuwa uwa ce, ko me ka nema za ta miƙa maka, shi ya sa nauyin ƙin karɓa yake kanka. Gwal ɗin mace shi ne ajiyarta ta ranar asibiti. Ka yi mata godiya, ka nemi addu'arta, ka bar mata abinta.

Idan bayan duk tambayoyin nan zuciyarka tana kan tafiya, kuma wurin yana da izini da tsaro, akwai hanyar da ba sai ka sayar da komai ba. Ka ba wani amintacce adaidaitar ya riƙa kawo balas kullum a hannun maiɗakinka. Ka bi abokinka na 'yan watanni a matsayin mai koyo, ka yi aiki da na'urarsa ko ta wani a kan kaso, kamar yadda ake yi a filayen. Kunne sai ya daɗe yana saurare kafin ya iya raba kukan dutse da na ƙarfe, kuma gara ka koya da na'urar da ba kuɗinka a ciki. A can za ka ga da idonka wace lamba ce take fitar da gwal a wannan ƙasar. Kason da za ku yi da shi, da wanda zai ɗauki kuɗin mota da abinci, da abin da zai faru in na'ura ta lalace ko aka ƙwace ta, ku rubuta a takarda gaban shaidu biyu tun kuna Kano, kowa ya riƙe kwafinsa, ka bar wa maiɗakinka ɗaya tare da lambar wayar wani da ke zaune a wurin ban da abokin naka.